Filin Surukina a Cikin Akwati

A shekarar da na yi aure ne ƙungiyar manoman rani ta ƙauyenmu, nan ƙasan dam ɗin Tiga, ta gaji da faɗan ruwa. Kafin nan kowace ƙofar ruwa da ke bakin kanal, wato babbar magudanar ruwa, da hannu ake buɗe ta, akwai wani ƙarfe kamar sitiyarin mota da ake murzawa. Wanda ya riga zuwa sai gonarsa ta sha ta ƙoshi, na ƙarshen kanal kuwa laka ce rabonsa. Da wuya a yi mako ba a kai wani gaban mai gari da yagaggiyar riga ba. Sai aka yanke shawara a sa wa kowace ƙofa ƙaramin inji, a ja waya ɗaya ta bi su duka har ɗakin famfo, a haɗa ta da wani akwati da zai riƙa ba kowa ruwa a kan lokacinsa. Sitiyarin kowace ƙofa kuwa aka garƙame shi da kwaɗo don kada wani ya saci ruwa, aka damƙa wa shugaban ƙungiya makullan. Ni aka ɗauka in kula da akwatin, don ni ne ɗan gari da ya karanta fannin. Shugaban ƙungiyar kuma shi ne mahaifin amaryata.

Wanda bai taɓa zama sabon suruki a ƙauye ba ba zai gane halin da nake ciki ba. Ba na faɗar sunansa, ba na haɗa ido da shi, ba na cin ko gyaɗa a gabansa. In na hango shi a hanya sai in ratse cikin gonar mutane kamar mai neman akuyar da ta ɓace. In kuwa ya rutsa ni, sai in tuɓe takalmi in durƙusa, duk abin da ya faɗa in ce, "To, Baba." Da zai ce mini rana daga yamma take fitowa, amsar dai ke nan.

Aikin akwatin ba wani abin tsoro ba ne. Yana da ƙwaƙwalwa, kuma a cikinta akwai wani yanki da aka ware wa na'urorin da ke kan waya. Yankin gurbi-gurbi ne, yana da farko yana da ƙarshe. Kowace ƙofa gurbi biyu take buƙata: ɗaya inda akwati zai ajiye mata umarni, buɗe ko rufe, ɗaya inda ita za ta ajiye amsa. In ka ba ta fiye da haka, ragowar a banza za su zauna, ba za ta ƙara ko cokali ɗaya na ruwa ba. In kuma ba ka ba ta ko ɗaya ba, akwati bai san da zamanta a duniya ba. Na raba wa kowace nata biyu-biyu, na bar sauran wuri mai yawa a ƙasa, na ji ni injiniya ne sosai.

Ranar buɗe aiki aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakin famfo, aka ce in yi wa dattawa bayani. Na fito da allon kwamfuta na nuna musu zanen rabon, layi-layi, kowace ƙofa da launinta. Na yi ta zuba, na ga wasu sun fara gyangyaɗi, liman yana jan carbi ido a rufe. Don in farkar da su sai na ce, "Ku ɗauka kamar gona ce. Akwai fili a cikin akwatin nan, ni kuma na yanka wa kowace ƙofa nata."

Baki shi ke yanka wuya. Ban rufe bakina ba na ga idanu sun buɗe tar. Ka cewa manomi fili, ko a cikin barci yake sai ya tashi zaune.

"Fili?" in ji wani dattijo mai gonar albasa. "Wa ya raba? Da izinin wa?"

Suka matso suka kewaye allon, kowa yana neman launinsa. Surukina ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya aza yatsa a kan nasa, ya aza wani a kan na maƙwabcinsa, wanda gonarsa ba ta kai rabin tasa ba.

"Injiniya," ya ce, yana kallon sama da kaina, "wannan nawa ne, wannan kuma nasa?"

"Haka ne, Baba."

"Daidai da daidai?"

"To, Baba."

Liman ya yi gyaran murya ya ce ko naman suna ake rabawa ba a yi wa babba da yaro kaso ɗaya. Nan take aka rushe rabona, aka kafa sabo. Aka duba girman gona, aka duba shekaru, aka duba wanda kakansa ya fara sarar daji a wurin. Wani ya ce shi ya je Makka sau biyu, a duba masa. Aka duba masa. Arɗon Fulanin da ke mashaya ta gefenmu, wanda shi ma an sa wa kwamin shanunsa ƙofa, ya ce shi bai damu da girma ba, amma lallai a bar masa burtali tsakaninsa da maƙwabta, kada gobe a ce shanunsa sun yi ɓarna a cikin akwati. Kowa ya ce wannan magana ce ta hankali. Aka bar masa burtali hagu da dama. Jiniyar da aka kafa a kan dogon ƙarfe don ta yi kuka in kanal ya ɓalle, ita kaɗai aka bari da gurbinta biyu, wai ai ba ta da gona.

Ni ina zaune ina dannawa, suna faɗa ina yankawa, ina kallon wurin da na bari yana ƙarewa kamar tuwo a gaban masu gayya. Surukina aka ba na farko, kuma mafi faɗi. Da aka zo ƙarshe, fili ya ƙare ƙaf, saura ƙofa ɗaya ba ta samu shiga ba. Ita ce ƙofar ƙarshen kanal, mai shayar da ɗan lambun gwaggona.

Gwaggon nan ita ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata. Lambun mijinta ne ya bar mata, kuma da tumatirin cikinsa ta ciyar da ni har na gama makaranta. Ba ta wurin taron, don mata ba sa zuwa, kuma babu wanda ya tuna da ita sai ni. A makon ne ta yi dashe, tumatirin bai ko kama ƙasa ba.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai surukina ya ce, "Ya yi daidai ko, Injiniya?" Jama'a suka juyo suna kallona, ga uban matata ya gama rabo a bainar jama'a, fuskarsa sai sheƙi take.

"To, Baba," na ce.

Kafin a watse ya sa aka tsinko masa kara siriri, ya gwada shi a kan allon daidai tsawon filinsa, ya karya, ya soke a cikin hula. Daga ranar, kullum da hantsi sai ya biyo ta ɗakin famfo ya ciro karan ya gwada, ya tabbatar ba a ci masa iyaka ba. In ya yi baƙi daga Bebeji ko Kiru, nan yake fara kawo su kafin ya kai su gonar gaske. Saboda haka maganar in rage masa a ɓoye ba ta taso ba. Na yi tunanin in zana masa na ƙarya a allo, in gyara na gaskiya a ciki. Da na gwada wa amaryata maganar, ta ajiye muciya ta dube ni.

"Babana za ka yi wa wayo da hoto?"

Ban sake tayar da zancen ba. Na ce to ta gaya masa da kanta, ta ce ita 'yar fari ce, kunyar da ke tsakaninsu ta fi tawa. Gaba kura baya sayaki.

Sai na koma ɗaukar ruwa. Da sassafe in ɗaura jarkoki a bayan babur, in cika a kanal, in bi kunya-kunya ina zuba wa tumatirin gwaggo. Injiniyan da ya sa ƙofofin gari duka suna buɗe kansu, ga shi da wando a naɗe yana ban-ruwa da gwangwani. Masu wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, Injiniya, ko akwatin ne ya aiko ka?" Ni kuwa raina in ya yi dubu ya ɓaci, ga ruwan jarka ba ya isar ko rabin lambun.

A cikin wannan ɓacin rai ne dabara ta zo mini, irin dabarar da tun a aji ake ja mana kunne a kanta. Ba a haɗa na'ura biyu a gurbi ɗaya, don duk abin da akwati ya faɗa wa ɗaya, ɗayar ma ta ji. Amma na duba na ga jiniya tana zaune da gurbinta biyu ba ta tsinana komai, kanal bai taɓa ɓallewa ba tun ina yaro. Na ce bari in shigar da ƙofar gwaggo ɗakin jiniya su zauna tare. Na san in aka ce wa ƙofa buɗe, jiniya ma za ta buɗe baki. Cire mata waya kuma ba zai yiwu ba, don wayar ɗaya ce ta ratsa ta cikinta ta wuce zuwa sauran ƙofofi. Saboda haka na hau ƙarfen nan da yamma, na cusa mata tsummoki a baki, na ƙara da wani tsohon zanin amaryata da na ɗauka ba ta sani ba. Na danna sosai har na tabbata ko tari ba za ta iya ba.

Washegari, ana fitowa daga sallar asuba gari ya fara haske, lokacin ruwan gwaggo ya yi. Ina tsaye a bakin lambun, ƙofa ta yi ƙara ta ɗaga, ruwa ya taho yana sheƙi. Ban gama cewa alhamdu lillahi ba sai na ji wani gurnani daga nesa, kamar sa ya shaƙe da dusa. Sai jiniya ta tofar da tsummokin nan gaba ɗaya ta kwarara ihu.

Ban taɓa sanin mutanen garinmu suna da gudu haka ba. Kowa ya ɗauka kanal ya ɓalle, aka nufi tudu, mai goyo da goyo, mai akuya da akuya. Dattijon nan mai albasa, wanda ya shekara yana cewa gwiwa ta hana shi ruku'u, shi ya riga kowa isa. Shanun Arɗo da ke kan hanyar mashaya suka firgita suka ratsa ta tsakiyar albasar liman. Zanin amaryata kuwa ya tashi sama ya sauka a kan dalbejiyar ƙofar masallaci, ya baje sosai yadda duk matan gari za su gane mai shi. Garin neman gira na rasa ido.

Da rana aka zauna shari'a a gaban mai gari. Liman ya ce a biya shi ɓarna. Arɗo ya ce a je a duba allo, shi dai a cikin akwati shanunsa ba su tsallake burtali ba. Aka daɗe ana muhawara a kan wace gona ce ta shari'a, ta waje ko ta ciki. Da aka juyo kaina, na ce jiniya ce ta samu matsala, wanda kuma ba ƙarya ba ne. Surukina ya ce in gyara ta yau, kada ta sake yin ko atishawa. Na koma na fitar da ƙofar gwaggo daga ɗakin jiniya, ta koma inda take. A gida kuwa, kwana biyu tuwona yana zuwa ba miya a kai, sai a gefe, kuma ba a ce mini sannu ba.

Bayan haka babur ɗina ya lalace, na makara zuwa lambu. Da na isa a ƙafa, rana ta ɗaga, na hango gwaggo tana tahowa daga kanal da bokiti a ka, tana taka ƙasa a hankali, ruwan yana zubo mata a wuya. Tumatirin ya langaɓe, na gefen gabas ya riga ya kwanta. Na karɓi bokitin na gaya mata komai, tun daga kan fili har zuwa zani. Ta yi dariya har sai da ta dafa ƙugu. Da ta gama ta share ido da bakin mayafi.

"Bar shi, ɗan nan," ta ce. "Kada ka ɓata da surukinka a kan tumatir. Baɗi ma shekara ce."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Matar da ba ta taɓa cewa baɗi ba in ana maganar kuɗin makarantata, yau ita ke cewa baɗi don kada in ji kunya. Na ji haushin kaina, na ji haushin akwati, na ji haushin duk wanda ya ƙirƙiro surukuta. Na ajiye bokitin na nufi ɗakin famfo.

Na sami surukina a ciki shi kaɗai, ya ciro kara yana gwadawa. Na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon allo. Na san in na dubi ko gefen rigarsa, "To, Baba" ce za ta fito. Sai na juya na fuskanci akwatin da ke jikin bango, fitilunsa suna ƙyaftawa.

"Akwati," na ce, "da kana da baki, da ka gaya wa manya cewa ƙofar gwaggona a waje take kwana. Ba ta samu fili ba. Tumatirinta yana mutuwa."

Ina jin famfo yana aiki, ina jin gumi yana bin bayana. Can sai na ji ya gyara tsayuwa, shi ma ya fuskanci bango.

"Akwati, tun yaushe?"

"Akwati, tun ranar rabo."

"Akwati, jiniyar nan fa?"

"Akwati, ɗaki aka ara mata a can, zaman bai yi daɗi ba."

Ya yi wani sauti a hanci, ban sani ba ko dariya ce ko tsaki.

"Akwati, ashe bebe na aura wa 'yata? Tsohuwa tana ɗaukar ruwa a ka, ni ina nan ina kawo baƙi kallon fili?"

Ya daɗe a tsaye yana juya karan nan a hannu.

"Akwati, a ba ta nawa. Duka."

Na yi sauri na gaya wa akwati cewa ba sai an yi haka ba. Gurbi biyu kawai take buƙata, filin Baba kuwa zai ɗauki ƙofa goma ya yi saura, in an yanka mata ɗan gefe ko karan ba zai nuna ba sosai. Na yi bayani tiryan-tiryan, irin wanda ya kamata in yi tun ranar taro.

"Akwati," ya ce, "wanda ya bar tsohuwa ta kwana a waje ba ya ce mata ta shigo ta raɓa a bakin tabarma. Tashi yake yi ya bar mata ɗakin. Na faɗa, magana kuwa zarar bunu ce."

Ya aza karan a kan akwatin. Ya laluba aljihu ya ciro tarin makullai, ya zare ɗaya, ya sa takalmi ya fita. Ta taga na hango shi ya nufi ƙofar ruwansa, ya buɗe kwaɗon sitiyari, ya naɗe hannun babbar riga. Ni kuma na zauna na goge ƙofarsa daga cikin akwati, na rubuta ta gwaggo a wurin. Kafin azahar ruwa ya isa lambunta, jiniya ba ta ce uffan ba.

Kusan rabin tumatirin ya tashi. Kwandon farko da ta tsinka gidan surukina ta aika da shi, shi kuma ya aika mata da buhun alkama, suka yi ta aike-aike har aka rasa wanda ya fara. Sau ɗaya ta zo ɗakin famfo ganin filinta. Ta dubi faɗinsa a allo, ta riƙe haɓa, ta tambaye ni ko ana iya shuka wani abu a sauran wurin. Na ce ba a iyawa. Ta ce to Allah ya kyauta, wannan ai asarar ƙasa ce.

Dattawa sun yi ta roƙon surukina ya koma cikin akwati, ya ƙi. Shugaban ƙungiya guda, mai riƙe da makullan kowa, shi kaɗai ne a garin yake murza sitiyari da hannu, ga injin ƙofarsa lafiya lau yana kallonsa. Bayan wasu shekaru aka sauya akwatin da sabo, wanda ƙwaƙwalwarsa za ta ɗauki ƙofofin ƙaramar hukumarmu duka, har a bar wa Arɗo burtalin da zai kai shi dajin Falgore. Na ɗauke karan daga kan tsohon na aza a kan sabon. Da surukina ya zo gani, na gaya wa sabon akwati cewa yanzu fa wuri ya samu, babu wanda zai kwana a waje. Ya dubi fitilun ya ce, "Akwati, an ji." Amma bai ce a mayar da ƙofarsa ciki ba, na kuwa gane ma'anar.

Yanzu kafaɗarsa ta daina ɗaga hannu sama, gwaggo kuma ta riga mu gidan gaskiya, jikokinta ke noma lambun, ƙofarsu tana nan da fili mafi faɗi a gari. Ni ma furfura ta fara fito mini, 'ya'yana sun girma a kan cinyarsa, amma har yau ban haɗa ido da shi ba. Duk ranar ruwansa nakan riga shi zuwa bakin kanal. In ya iso sai ya shimfiɗa buzu ya zauna yana kallon gabas, ya ajiye makulli a kan dutse. In ɗauka in buɗe kwaɗo, in naɗe hannun riga in kama murzawa, ina kallon yamma. Ƙarfen ya yi tsatsa, yana cin tafin hannu.

In ruwa ya kai yadda yake so, sai ya yi gyaran murya.

"Sitiyari, ya isa haka."

Sai in tsaya.